Fuskar ƙanena a murfin man zafi

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

A Madina nake, ina sayar wa alhazai harami da silifa a Bi'ir Ali, inda suke ɗaura niyya kafin su wuce Makka. Ina da ƙane, autanmu, a nan aka haife shi. Allah ya ba shi ƙafa. Tsere yake yi wa kwalejinsu, da gudun nan ya samu gurbin karatu, har an fara maganar sa shi cikin masu fita waje. Sai dai dokarsu ba wasa: ɗan wasan makaranta ba ya talla, ba a cin ko sisin kwabo da sunansa ko hotonsa, ko shi ko danginsa. Wanda aka kama, shi da fili har abada. Ba zan ce ban sani ba, da bakinsa ya gaya mini.

Bara wani ɗan kasuwa daga Kano ya zo cin tuwo gidanmu a unguwar Sultana, ya ga hoton Auta a bango yana tsinka zaren ƙarshen tsere. Ya ja ni gefe ya ce yana haɗa man zafi na ciwon ƙafa, in na ba shi hoton zai buga a murfin gwangwani, ya riƙa aiko mana da rabonmu. Lokacin mai gida ya sa mu a gaba kan haya, Inna kuma tana kwance. Na ce a raina, ina Kano ina Madina? Wa zai gani? Na ciro hoton na ba shi, na ce wa Inna gilashin hoton ne ya fashe. Tun daga nan da fuskar yaron nan muke biyan haya, shi kuwa sai yi mini addu'a yake wai ina ɗawainiya da gida. Kunya kamar in nutse.

Abin da ban tuna ba, ni da nake wuni a miƙati, shi ne alhajinmu ba ya tafiya sai da man zafinsa a jaka. Man nan kuwa an zuba masa turare, mai harami kuma ba ya shafa abu mai ƙamshi. To bana tun da motocin farko suka fara isowa, da malamin ayari ya yi shelar a ajiye kayan ƙamshi sai ka ga gwangwanaye a bakin famfo, a kan katanga, a ƙarƙashin benci, ko'ina Auta yana kallona. Na koma mai tsince-tsince, ina cusawa cikin buhun silifa. Wata tsohuwa ta gan ni ta ce, "Ɗauki, ɗan nan, mai kyau ne. Yaron da ke jiki shi yake shafawa, shi ya sa ba a kamo shi."

Jiya Auta ya shigo da murna. Ya ce an zaɓi 'yan tsere da kocinsu su yi aikin taimakon alhazai. Shi da ba ya amsa mini sai da Larabci, sai ga shi yana lallaɓa Hausa don ya faranta mini: "Yaya, a Bi'ir Ali aka sa ni, wajen alhazan Najeriya, li'anni ina jin Hausa. Kullum muna tare."

Na yi dariyar yaƙe.

Na aika wa ɗan kasuwar saƙo, amma wane amfani zai yi? Kayan sun riga sun shiga jakunkuna. In na gaya wa Auta, na san halinsa, da ƙafarsa zai je ya faɗa wa kocin. In na yi shiru, tsohuwar farko da ta ɗaga kai za ta gane shi a gaban kocin. Ko na je na ce laifina ne, ai dokar har dangi ta haɗa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, Auta zai doka.

Da wata ya tsaya zai fara aiki. Har ya roƙe ni in riƙa tashinsa mu tafi tare. Me zan yi?