Shimfiɗar Taya Da Autana Ya Kawo Mini

Assalamu alaikum Malama. Ki gafarce ni da zan ci miki lokaci a kan abin da wata za ta ce bai kai ya kawo ba. Ni dai ya hana ni sukuni, ki taimaka mini.

Autana ya daɗe yana zaman kashe wando kafin Allah ya ba shi aiki a wata ƙaramar masana'anta. Tsofaffin tayoyin mota suke tarawa, su wanke, su zare wayar ciki, su niƙe robar, sannan su zuba a wani inji mai zafi. Ya ce ba ƙonawa suke yi ba, wai robar ce ke komawa ɗanya a sake sarrafa ta. Har zane ya yi mini a bayan kwali, ina ta gyaɗa kai, amma ban gane ba. Ni a sanina dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye.

Ina fama da ciwon gwiwa, sujada a kan siminti tana ba ni wuya. Sai ga shi da baƙar shimfiɗa mai kauri da laushi, cikin farkon abin da ya fito daga hannunsa, ya yanka ta daidai tsawon dardumata. Na yi godiya, na sa masa albarka. Da na zo tayar da salla sai shakka ta kama ni. Taya ce fa. Ta taka mushe a titi, ta bi ruwan kwata, Allah kaɗai ya san me da me. In robar ta zama sabuwa, shi ke nan. In kuma tayar ce dai aka daddatsa aka manne, a kan me zan kai goshina? Ga wani ɗan wari da take yi.

Kunya ta hana ni tambayarsa, kada ya ce na raina sana'arsa. Na rasa inda zan sa ta, sai na ajiye a bakin ƙofa. Ban yi tunani ba. Ranar da ya zo gaishe ni ya tarar da takalman jikokina a kai. Ya tsallake ta bai taka ba, muka gaisa, ya tafi. Tun ranar sai dai waya, wai aiki ya yi yawa. Yayarsa ta ce waswasi ke damuna. Ko waswasin ne? Ina tsoron Allah a kan sallata, ina kuma tsoron haƙƙin yaron nan. Don Allah ki amsa mini da wuri.

Uwar Auta

Wa alaikumus salam Mama. Ƙwai ne ya rikita ki, ajiye shi ki ɗauki kitso. Wurin yin taya ana dafa roba da farar wuta, ita ke ɗaure robar ta yi tauri. Aikin ɗanki tsefe wannan ɗaurin ne da zafi da murza, har ta saki a yi mata sabon kitso. Gashin dai shi ne, ko da wani ya karye wurin tsifa.

Tsarkinta kuwa bai jira wannan ba. Najasa a bayan taya take, kuma da bakinki kika ce wankewa suke fara yi. Mun koya tun muna yara cewa ruwa na tsarkakewa, kuma ba a najasta abu da zato. In da abin wankewa yanzu, sawun jikokinki ne. Ki wanke ta da hannunki, ki shanya a inuwa warin ya ragu, ki ɗora darduma a kai. In zuciya ta ƙi kwanciya, ki tambayi malaminki.

Taka-tsantsan a kan salla ba laifi ba ne, shirun ne ya yi ɓarna. Auta bai ga tsoron Allah da kike yi ba, takalma ya gani. Ki kira shi yau, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, har maganar mushen. Wataƙila ya yi dariya, kuma dariya ta fi wannan shirun. Ki tambaye shi ko suna sa takunkumi a wurin aiki, uwa ce ke tambayar irin wannan. Ranar da zai zo, ya tarar da shimfiɗar ƙarƙashin dardumarki.

Allah ya ba gwiwa lafiya, ya yi wa sana'ar Auta albarka.