Fim ɗin bindigogi da na kunna wa Hajiya Rabi

Daren Alhamis, Sha'aban 1424, Aziziyya

Yau na rama. Tun da aka kama ɗana Sani ba iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, aka mayar da shi Kano, Hajiya Rabi ta saman benenmu ba ta da zance sai na ɗanta Usama da ke karatu a Amurka. Har a gidan biki ta ce wasu 'ya'yan jirgin karatu suke hawa, wasu kuma na korarru.

Da la'asar na kira ta shan gahawa, na sa mata faifan da maigidana ya kawo daga gidan kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, a unguwar Abhur. Fim ne kan abin da ya sa Amurkawa ke harbe junansu. Ba ta jin Turanci, rubutun Larabcin da ke ƙasa kuma idonta ba ya gani, sai ta ce, "Maman Sani, fassara mini."

Na kuwa fassara. Da aka nuno ɗalibai suna gudu daga makaranta, hannu a ka, na ce ai garin su Usama ne. Da wani mai bindiga ya yi magana, na ce cewa yake da baƙi baƙar fata za a fara. Bai faɗa ba.

Ta ajiye kofin. Ta ce, "Halas, kashe fim ɗin." Na ce saura kaɗan, na ƙara sauti.

Ta fita neman waya, ko sallama babu. Yanzu haka ina jin takunta a saman kaina, tana ta kai da kawo. Ni dai na san inda nawa ɗan yake kwana.