Injin Ɓarar Gyaɗa

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Injina na ɓarar gyaɗa ya iso Beli yau. Buhu goma kafin azahar. A da, Inna da ƙawayenta tsofaffi huɗu sai su kwashe wata guda a tsakar gida suna ɓara suna gulmar gari. Ladansu tiya-tiya da ɓawon hura wuta. Wannan zamanin ya wuce.

Alhamis, 9 ga Mayu
Inna ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari. Saƙo ta ba matata Nuriyya: "Ki ce wa mai gidanki kada ya sa gyaɗar iri a ƙarfen nan. Yana ƙuje mata riga." Na ce a ce mata ta huta, ta yi shekara saba'in tana wahala. Na zuba irin ma.

Asabar, 18 ga Mayu
Tsakar gida shiru. Gwaggo Maiturare, ɗaya daga cikin ƙawayen Inna, ta leƙo, ta gaisa, ta duddubi inda buhuna suke zama, ta koma. Nuriyya ta ce Inna na wuni a ɗaki, tuwon ma sai ta taɓa ta ture. Zafi ne, ina jin.

Laraba, 12 ga Yuni
Ruwa ya sauka sosai. Mun shuka gonar hanyar Jajaye duka.

Lahadi, 23 ga Yuni
Tsiro tsalli-tsalli, kamar haƙoran tsoho. Na tona rami biyar, ƙwayar ta ruɓe a uku. Gonar Sabi'u maƙwabcina kuwa ta fito layi-layi, shi kakarsa ce ta ɓare masa. Ya ce, "Yaya Yusha'u, in ba ka sake shuka cikin satin nan ba, bana ka yi sallama da gyaɗa." Na sani. Raina ya ɓaci, ban ma san da wa ba.

Talata, 25 ga Yuni
Saura buhu biyu da ɓawonsu. Na ajiye su a ƙofar ɗakin Inna, na ce wa Nuriyya, da ƙarfi yadda za a ji daga ciki, inji ya lalace. Can sai ga muryar Inna: "Ki aika a kira su Maiturare. Hannu ɗaya ba zai gama kafin Juma'a ba."

Laraba, 26 ga Yuni
Tun da hantsi suna ɓara. Kowace ƙwaya sai sun juya ta, su ware tsumburarrun gefe. Surutu har ciwon kai. Inna ta cinye tuwonta, ta nemi ƙari.
Sabi'u ya zo da bakanike a babur, wai ya ji labarin injina. Na ce su bari tukuna. Na rufe injin da tamfol, na ɗora dutse.
Lafiyarsa ƙalau.