Wuyan Talantbek

Bishkek, 3 ga Afrilu

Yaya Jildiz,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Baba da maigidanki. Na kashe wayata, shi ya sa kika ga takarda a hannun direba.

Kin ga yadda na janye daga kokawar ƙarshe a gasar Asiya. Abin da talabijin bai nuna ba shi ne, tun a karawar da ta gabata wuyana ya yi ƙara, yatsun hannuna na hagu suka mutu. Likita ya ce ƙashi ne ya goce yana danne jijiya, kuma kaye ɗaya zai iya kwantar da ni har abada. Sai an yi aiki, in huta shekara.

Mutane kuwa cewa suke tsoron Ba'iraniyen da zan kara da shi na ji. Wani ya rubuta wai abincin gwamnati na ci na yi ƙiba. A filin jirgi ba wanda ya tare ni sai matata Aizada, da tsohon cikinta.

Shugabannin ƙungiyar kokawa suna so in shiga gasar neman gurbin Olamfik wata mai zuwa, wai allura za ta riƙe ni. Na ce a'a.

Ki gaida Baba. Na gaji, Yaya.

Ƙanenki,
Talantbek

At-Bashi, 11 ga Afrilu

Talant ƙanena,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya. Ga cinyar rago da busasshen cuku nan, Aizada ta yi maka romo.

Na so in ɓoye maka, na kasa. Ranar Lahadi Baba ya kai doki kasuwar dabbobi, wani dillali ya ce masa a gaban jama'a, "Dattijo, ashe tunkiya ka kiwata mana, muna zaton rago ne?" Aka yi dariya. Ya juyo da dokin bai sayar ba. Tun ranar ko masallaci bai fita ba, shayi kawai yake sha. An kuma sauke sunanka daga ƙofar ɗakin kokawa na makaranta.

Jiya mutanen hakimi suka zo. Sun ce da ka hau tabarmar kokawa za a manta da komai, ƙasa ba ta da wani a ajin nauyinka.

Ni ban san aikin asibiti ba, amma ai likitoci sukan ƙara gishiri. Ba cewa nake ka shiga ba. Baba ne dai ya ce in tambaye ka ko allurar nan tana da illa.

Allah ya tsare ka.

Yayarka,
Jildiz

Bishkek, 19 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na sa hannu, zan shiga gasar. An yi mini allurar farko, ba na jin ciwo, ba na jin hannun ma. Aizada ta daina yi mini magana. Ki ce wa Baba ya fita ya sha iska.

Ku sa ni a addu'a.

Talantbek

Bishkek, 24 ga Mayu

Yaya Jildiz,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba. Ni ce Aizada, shi ba zai iya riƙe biro ba.

An kayar da shi a gasar, wuyan ya karye, an dawo da shi a kan gado. Yana gani, yana magana, daga kafaɗa zuwa ƙasa ne babu. Likita bai ce komai game da makomarsa ba.

Daga ƙungiya ba wanda ya leƙo. Yanzu kuma cewa ake, wanda ya san ba shi da lafiya, me ya kai shi tare gurbin mai lafiya? Wai son kai ne ya jawo wa ƙasa asara. Ya matsa sai na karanta masa abin da ake rubutawa, na karanta.

Na haihu ranar Talata, mace. Na ɗora masa ita a ƙirji, ya tambaye ni ko tana da nauyi.

Kin ce za ku taho da Baba. Na gaya masa, ya ce ku dakata tukuna.

Ki huta lafiya.

Aizada