Ranar da Inna Ta Ga Furfurata

Laraba da dare, Agege

Barci ya ƙi zuwa, gara in rubuta. Yau da safe aka kunce wa Inna bandeji a asibiti. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, ko bayi za ta je sai na riƙe hannunta. Likita na ɗage audugar Inna ta ƙura mini ido, can ta ce, "Hadiza, yaushe kika yi furfura?" Na fara dariya, sai ga ni ina kuka a gaban mutane.

Da za mu fito na tambayi nas ɗin, wata Bayarabiya, wa ya ɗauki nauyin aikin, tunda ba a karɓi komai a hannunmu ba. Ta ce ƙasashe ne da dama suka haɗa hannu, har da talakawansu, malaman makaranta da direbobi masu ba da ɗan abin da ya samu. Mutum yana can bayan teku, bai san Inna ba, ba ya jin yarenmu, amma guminsa ya iso har cikin idonta!

A danfo, motar hayar da muka shiga, Inna ta hana ni magana, titi kawai take kallo. Bayan magariba ta ce in faɗa mata sunayen waɗanda suka biya kuɗin aikin ta sa su a addu'a.

Na ce, "Inna, ban san ko ɗaya ba."

Ta ce, "To, bar shi. Wanda zan roƙa ya san su."