Katakan Lissafin da Aka Manne a Bango

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi, ki kuma rage tsayuwar nan mai tsawo da likita ya hana ki, don na san halinki. Mu nan lafiya lau. Baba yana nan da ƙarfinsa, sai dai kunnen ya ƙara nauyi, yanzu sai an tsaya a gabansa ake yi masa magana. Uwargidana ta koma ɗinkinta, jaririn kuma ya fara rarrafe, babu abin da ya tsira daga bakinsa. Shago yana tafiya, alhamdu lillahi.

Yaya, na zaɓi in rubuta ne maimakon in kira, domin in na fara wannan magana a waya ihu zan yi, ba za ki fahimci komai ba. A kan 'yarki ce, Inna Ƙarama, wadda kika damƙa mini amanarta. Makaranta na so a mayar da ita baya ta maimaita aji biyu, maigidanki kuma ya amince ba tare da ya ji yadda abin ya faru ba. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Kin san yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Karatu take yi kamar ruwa. Lambobi ne kawai suka tsaya mata a wuya. In aka ce ta rubuta ɗari uku da biyar, sai ta rubuta ɗari uku cikakkiya, ta liƙa biyar a gefe, abu ya koma dubu uku da biyar. Malamar ajinsu, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta zo har shagona ta ce ba Inna Ƙarama kaɗai ba ce, kusan rabin ajin haka suke, don suna haddace lamba ne ba su taɓa riƙe ta a hannu ba. Ta zana mini abin da take so a bayan wani guntun katako: ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, kowace tana matsayin ɗaya, sanda mai tsawon ƙwaya goma, sai kuma shimfiɗaɗɗen katako mai faɗin sanda goma, shi ne ɗari. Mako uku na yi ina yanka su daga ragowar aikin mutane. Ƙwaya ɗari huɗu, Yaya, kowace sai da na bi ta da samfefa don kada sartse ya shiga yatsan ɗan wani. Kowace sanda na yi mata tsaga tara da zarto yadda yaro zai ƙirga goman da idonsa. Har fatar babban yatsana ta saɓule.

Na je na ga yadda take koyar da su, kuma wallahi ni kaina na ƙaru. Takan raba takarda gida uku, gidan ɗaruruwa da na gomomi da na ɗai-ɗai, yara su zuba katakan kowane a gidansa. Masu faɗin nan har suna suka sa musu, wai tabarma. A gabana aka ce wa Inna Ƙarama ta jera ɗari uku da biyar. Ta ajiye tabarma uku, ta ajiye ƙwaya biyar, ta tsaya tana kallon gidan tsakiya da babu komai a ciki. Can sai ta ɗago ta ce wa malamar ashe sifili mai gadi ne, shi ake bari a gidan da babu kowa don kada maƙwabta su matso. Ta ɗauki fensir ta rubuta daidai. Na juya na kalli taga don kada yara su ga ƙaton kafinta yana share ido.

Kwana goma sha biyu kacal suka yi da katakan. Sai aka ce manyan baƙi za su zo duba makaranta. Hedimasta ya shiga ajin, ya ga kayan, ya ce sun yi kyau da yawa a bar wa yara su lalata, ya sa aka kwashe su kaf zuwa ofishinsa. Kin san abin da mutumin nan ya yi? Ya samo babban falanki, ya sa aka manne su da gam ɗaya bayan ɗaya, aka jera su suka ba da siffar tambarin makaranta, aka shafe su da man sheƙi, aka rataye a bango bayan kujerarsa. Abin da aka yi don yaro ya ɗauka, ya juya, ya canza ƙwaya goma da sanda ɗaya, shi ne aka mayar ado. Baƙi suka zo suka yaba, suka ɗauki hoto a gabansa, suka tafi. Yara kuwa suka koma haddar da ta dame su tun farko, mako biyu bayan nan aka yi jarrabawa, yara goma sha ɗaya suka faɗi lissafi, har da tamu.

Na je ofishinsa raina a ɓace. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce na zo karɓar katakan yara. Ya gyara zama ya ce ai yanzu kayan makaranta ne, kuma kamata ya yi in gode masa, don ya sa an rubuta sunana a ƙasan falankin, baƙi duk sun karanta. Na ce masa ban yanka su don a karanta sunana ba. Ya ce ni kafinta ne, in tsaya a kan zartona in bar wa masu ilimi harkar ilimi. Yaya, da ba don darajar furfurarsa ba da na faɗa masa abin da ba zai manta ba. Na matsa na taɓa falankin, na ga irin gam ɗin da ya sa, wanda in ka ɓamɓare sai katakon ya tsage. Aikin mako uku ya tafi ke nan. Malamar tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, don ita tsoron rasa aikinta take yi, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na iya ƙwata a wurin hedimastan shi ne, in iyaye ba su sa hannu a takardar maimaita aji ba, za a sake gwada yarinyar bayan wata ɗaya. Shi kuma ya riga ya kira maigidanki, tunda lambarsa ce a rajista, ya ce masa yarinya ba ta ja. Maigidanki ya aiko mini cewa in sa hannu a madadinsa kawai, malamai sun fi mu sani. Ina girmama shi, amma hannuna ba zai hau takardar nan ba. Na riga na fara yanka sababbi, na yi rabi, kuma waɗannan a jakar malamar za su riƙa kwana. Abin da nake roƙo shi ne ki zaunar da shi, ki karanta masa wannan takarda, ya janye maganarsa kafin ranar Litinin ta sama da za a karɓi takardar maimaita ajin. Wata ɗaya kawai nake nema.

Akwai abin da ban so in faɗa miki ba. Tun da aka kira sunanta a gaban aji cikin waɗanda za su maimaita, ta daina surutun nan nata. Jiya ta same ni a shago, ta daɗe tana wasa da garin katako da ƙafarta, sannan ta roƙe ni kada in gaya miki, wai in kika ji ba ta da ƙwaƙwalwa ba za ki zo ɗaukarta hutu ba. Na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba, ga shi na karya. In kin kira, kada ki ambaci jarrabawa. Ki faɗa mata ranar da za ki zo kawai.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce masa ba raini ba ne. Ki gaida Gwaggo, da tagwayenki, da Autarki mai rigima. Baba da uwargidana suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Ƙaninki kafinta.