Wanda ya zuba wa kifina kanwa ne ya aiko min da ruwansa in auna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin la'asar, don zuciyata tana kitsa min abin da ban san ko zan iya zama da shi ba.

Ni malamar makaranta ce a Gusau, ina da aure. A bayan gidanmu na haɗa irin kiwon nan da kifi ke cikin tankin roba, famfo ya ja ruwansu zuwa kwamin tsakuwa inda na shuka latas da alayyahu, shuka ta sha ƙazantar kifin, ruwan ya dawo musu a tace. Tarwaɗa ɗari biyu na zuba. Wata takwas kullum kafin in tafi makaranta sai na ɗebi ruwa a 'yar kwalba na ɗiga maganin awo, in duba pH, wato tsamin ruwan, in duba amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci. Har dariya maigidana yake min, wai ko shi ba na duba lafiyarsa haka.

To sai Innata ta kwanta rashin lafiya a Kucheri, dole na tafi jinya. Lokacin pH ɗin ya ɗan sauka zuwa shida, na riga na daka ɓawon ƙwai na ɗaure a tsumma na jefa, yana ɗaga shi a hankali. Na ja wa maigida kunne, na ce gwangwanin madara ɗaya na abinci safe, ɗaya yamma, kada a ƙara komai a ruwan nan ko da gishiri ne.

Ashe bayan tafiyata wansa ya zo daga Nahuce ya sauka gidanmu, Yaya muke ce masa, shi ya riƙe maigidana tun rasuwar mahaifinsu. Mutum ne mai shanu, kuma a wurinsa babu abin da kanwa ba ta magani. Maigida cikin hira ya faɗa masa ruwan ya yi tsami ina gyarawa. Maigida na fita ofis, bawan Allahn nan ya sayo jar kanwa kusan kwano guda, ya jiƙa a bokiti kamar zai ba bijimi, ya juye a tankin. Bai tsaya nan ba, ya ce ina horar da dabbobi da yunwa, ya antaya musu dusa.

Wanda ya san harkar ya san sauran. Amoniya in ruwa na da ɗan tsami da sauƙi, amma da pH ya haura sai ta zama dafi. Na dawo na tarar da ruwa kamar kunu, pH ya wuce tara, kifi sun juyo ciki sama, wari har ƙofar gida. Goma sha ɗaya suka tsira. Da hannuna na kwashe su a buhu ina kuka, muka binne a kango.

Wallahi da Yaya ya ce kuskure ne, da tuni na manta. Amma ranar sunan wata 'yar uwarsu, a tsakar gida cike da dangi, sai ya ɗaga murya ya ce, “Ita ta kashe abinta da wanga ɗige-ɗigen magani nata na boko. Kanwa mi ta taɓa kashewa?” Aka kwashe da dariya. Har yau akwai masu ce min mai kifin roba. Maigida kuwa haƙuri kawai yake ba ni, wai uba ne, ba a tanka masa. Mutum ɗaya ce ta kira ni ta ce in yafe, matar Yayan, har ta aiko min da man shanu.

Na share hawayena na sake farawa, yanzu tankin ya koma daidai. Sai ga labari wai Yaya ya gina nasa a Nahuce, na siminti, ya ce zai nuna min yadda ake kiwo. Ranar da magina suka gama bai bari simintin ya jiƙu an zubar da ruwan fari ba, bai jira tsakuwar ta kama ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya ba, ya cika ruwa ya zuba 'ya'yan kifi ɗari biyar.

Jiya maigida ya shigo da gorar ruwa yana sosa ƙeya. Wai Yaya ya ce kifin sun daina cin abinci suna ta hawa sama, a ba ni ruwan tankin in ɗiga abin nan nawa. Ko gaisuwa bai haɗo da ita ba. Abin nan nawa, kun ji fa, wanda ya ce shi ya kashe min kifi.

Na auna. Sabon siminti ya harba pH ɗin sama, kwalbar amoniya ta yi kore shar, alamar gubar ta yi yawa. In ba a yi wani abu ba, ba na jin za su kai jibi. Kuma na san gyaran sarai, a tsayar da abinci, a kwashe su zuwa robobi, a dinga canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum, in ɗebar musu tsohuwar tsakuwata mai ƙwayoyin. Amma da maigida ya tambaye ni, sai na ce ban samu na auna ba tukuna. Ƙarya na yi, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. So nake Yaya ya tsaya bakin tankin nan ya shaƙi warin da na shaƙa, dangi su taru su tambaye shi ina kifi.

Abin da ya dagula min lissafi, da safen nan matarsa ta kira ni a ɓoye. Ashe awakinta ya sa aka sayar aka yi ginin, ita ce kuma ke ba kifin abinci. Ta ce, “Malama, ya fara cewa hannuna ne ba shi da albarka.”

Yanzu ku gaya min. In yi shiru su mutu? In ce ba zan buɗe baki ba sai ya janye maganarsa a gaban mutanen da ya faɗe ta, alhali na san taurin kansa ya fi kwana biyun da kifin ke da su? Ko in ɗebi tsakuwata in hau mota zuwa Nahuce, in gyara masa, gobe ya zauna a majalisa ya ce shi ya iya kiwo? Don na san halinsa, haka zai ce. Ban yafe masa ba, kada ma wani ya fara min wa'azin yafiya. Amma in na yi shiru, ba shi zai kwashe mushen ba, ita za ta kwashe, ita kuma zai ɗora wa laifin a gaban dangi. Maigida zai dawo da la'asar ya sake tambayata. Me zan ce masa?